Manhajojin da ke riƙe da intanet sun fi buƙatar masu duba aiki a kan masu ƙara aiki

A cikin kusan kowace wayar zamani da ke hannun jama'a a yau akwai wata 'yar manhaja da mai wayar bai taɓa jin sunanta ba. Sunanta curl. Ba ta da tambari a fuskar waya, ba a latsa ta, aikinta kawai ta ɗauko bayanai daga wata kwamfuta ta intanet ta kawo, ko ta kai. Tana cikin wayoyin Android da iPhone, tana cikin Windows tun 2018, tana cikin talabijin masu jona intanet da motoci da injinan buga takardu. Mutumin da ke jagorantar aikinta, Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin, ya ƙiyasta cewa an girka ta a wurare sama da biliyan 20.

Shi kansa Stenberg da gyara ya shigo. A 1996 yana neman hanyar da kwamfuta za ta riƙa ɗauko masa farashin canjin kuɗaɗe daga intanet kowace rana, sai ya ci karo da wata ƙaramar manhaja mai suna httpget da wani ɗan Birazil, Rafael Sagula, ya rubuta ya saki kyauta. Ya ga wasu kurakurai, ya gyara, ya tura wa mai ita. Ba a jima ba ragamar ta koma hannunsa, kuma a watan Maris na 1998 aka sa mata suna curl. Ya shafe kusan shekara ashirin yana wannan aiki da dare bayan ya tashi daga aikin da ake biyan sa albashi. Sai a 2019 ne ya samu kamfanin da ya ɗauke shi ya zauna a kan curl kaɗai.

Haka yawancin manhajojin da intanet ke tsaye a kansu suke. Ana kiran su manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, ma'ana rubutun umarnin da aka gina su da shi a bayyane yake: kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya yi amfani da shi ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma kowa na iya tura gyara. Gyaran da ake turawa masu harkar na kiran sa da kalmar da ta yi daidai da faci, irin wanda ake yi wa taya ko riga. Mutum ya sauke rubutun a kwamfutarsa, ya canza layukan da yake ganin suna da matsala, ya rubuta bayanin dalili, ya tura. Daga nan sai masu riƙon aikin, waɗanda galibi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, su karanta su yanke hukunci: a karɓa, a sake gyarawa, ko a ƙi.

Matasan da ke koyon rubuta manhaja a ko'ina a duniya ana ba su shawara iri ɗaya, cewa su shiga irin waɗannan ayyuka su tura faci domin sunansu ya fito, su samu abin nunawa idan sun je neman aiki. Shawarar ba ƙarya ba ce. Amma rabinta ake faɗa. Abin da tarihin shekara goma sha biyar da suka wuce ya nuna shi ne, rubuta faci shi ne ɓangare mafi sauƙi a wannan harka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai duba facin da kyau, da mutumin da zai zauna ya ci gaba da kula da shi bayan wanda ya kawo shi ya kama gabansa. Duk layin da aka ƙara a manhajar sadarwa kaya ne aka ɗora wa wani, kuma wanda aka ɗora wa ɗin sau da yawa ba biyan sa ake yi ba.

Babu misalin da ya kai na OpenSSL fito da wannan fili. OpenSSL ita ce manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke amfani da ita wajen sirranta abin da ke wucewa tsakaninsu da mai ziyara, wato aikin da ɗan kwaɗon nan da ke gefen adireshin shafi ke nuni da shi. A watan Disamban 2011 wani ɗalibin digirin digirgir a Jamus ya tura mata sabon ƙari. Manufarsa mai kyau ce: kwamfutoci biyu da ke magana su riƙa taɓa juna lokaci-lokaci don tabbatar da cewa layin bai yanke ba. Ɗaya ta tura 'yar kalma tare da faɗin tsawonta, ɗayar ta maido mata da kalmar. Mutum ɗaya daga cikin masu riƙon aikin ya duba, bai ga matsala ba, aka shigar da ƙarin a ranar ƙarshe ta shekarar 2011. A watan Maris na 2012 ya fita duniya a cikin sabon zubin manhajar.

Abin da su biyun suka manta ɗan ƙarami ne. Ba a sa manhajar ta bincika ko tsawon da aka faɗa ya yi daidai da kalmar da aka turo ba. Kamar a miƙa wa akawu takarda mai kalma guda a ce masa ya maido da shafi ɗari, shi kuma ya tattara kalmar da duk takardun mutane da ke kan teburinsa ya cike adadin ya miƙa. Mai kutse zai iya tura harafi ɗaya ya ce tsawonsa dubu sittin ne, kwamfutar ta kwaso masa abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta har kilobait 64 a kowace tambaya, kuma yana iya maimaitawa iya son ransa ba tare da ya bar sawu ba. A cikin abin da ake kwasowa akwai kalmomin sirri na mutane da saƙonninsu, wani lokaci har da makullin sirrin shafin kansa.

Ɓarakar ta zauna shekara biyu a buɗe kafin Neel Mehta na kamfanin Google da wasu injiniyoyi na kamfanin Codenomicon a ƙasar Finlan su gano ta. An sanar da duniya a ranar 7 ga Afrilun 2014, aka sa mata suna Heartbleed. An ƙiyasta cewa ta shafi kusan shafuka rabin miliyan daga cikin waɗanda ake ɗauka amintattu. Hukumar tara haraji ta Kanada ta ce an sace lambobin shaidar mutane kusan 900 daga rumbunta ta wannan kafa. Gyaran kuwa 'yan layuka ne.

Sai bayan haka ne duniya ta tambayi su wa ke kula da OpenSSL. Amsar ta ba mutane kunya. Mutum ɗaya ne ke aikin cikakken lokaci a kanta, kuma Steve Marquess, wanda ke kula da harkar kuɗinta, ya ce gudunmawar da jama'a ke aiko mata a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Bankuna da gwamnatoci da kamfanonin da ke juya biliyoyin daloli duk sun jingina da ita. Ɗalibin da ya yi kuskuren ya sha suka, amma mai adalci ya san ba nan gizo ke saƙar ba. Kuskure irin wannan kowane mai rubuta manhaja na yin sa. Tsarin da ya bar ƙarin da zai shiga kwamfutocin duniya ya wuce ta gaban ido ɗaya tak shi ne ya gaza.

Ƙwarewa ma ba ta hana. A watan Oktoban 2023 aikin curl ya sanar da ɗaya daga cikin ɓaraka mafi muni da aka samu a cikinta cikin shekaru, a ɓangaren da ke bi ta wata kwamfutar tsakiya kafin ya isa inda za shi. Wanda ya rubuta kuskuren, tun a farkon 2020, shi ne Stenberg da kansa, bayan fiye da shekara ashirin yana wannan aiki, kuma ya fito ya faɗi haka da bakinsa. Kuskuren ya yi sama da shekara uku a ciki, cikin manhajar da ke da dubban gwaje-gwaje na atomatik.

Akwai dalilin da ya sa manhajar sadarwa ta fi sauran haɗari. Manhajar lissafi ko ta zane tana karɓar umarni ne daga mai ita. Manhajar sadarwa kuwa aikinta shi ne ta saurari baƙi. Kowane daƙiƙa tana karɓar bayanai daga kwamfutocin da ba ta sani ba, wasunsu an gina su ne musamman don su yi mata ƙarya. Saboda haka bai isa a ce faci yana aiki idan komai na tafiya daidai ba. Tambayar ita ce me zai yi idan saƙo ya zo rabi, ko ya zo sau biyu, ko ya zo da tsawon ƙarya, ko layi ya yanke ana tsakiyar magana. Rubuta facin na iya ɗaukar yini ɗaya. Amsa waɗannan tambayoyi na iya cin mako, kuma mai dubawa ne ke biyan wannan lokaci.

Wannan a kan kuskure ke nan. Akwai kuma ganganci. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara tura ƙananan gyare-gyare ga xz, wata manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ita, Lasse Collin, ɗan Finlan, kuma a matsayin aikin sha'awa da ba a biyan sa. Gyare-gyaren Jia Tan masu kyau ne, masu amfani. A 2022 sai wasu sunaye da ba a san su ba suka fara matsa wa Collin lamba, suna ƙorafin cewa aikin ya tsaya, ya kamata ya miƙa wa wani. Collin ya amsa cewa yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta daɗe tana damun sa. A hankali Jia Tan ya samu ikon shigar da abubuwa da kansa, har da fitar da sabon zubi.

A watan Fabrairun 2024 ya saki zubin da ya ɓoye ƙofar baya a ciki, a cikin fayilolin da aka nuna kamar na gwaji ne. Ba xz ɗin ce abin harin ba. Abin da aka nufa shi ne OpenSSH, manhajar da injiniyoyi ke shiga manyan kwamfutoci da ita daga nesa. Da dabarar ta yi nasara, mai makullin zai iya shiga ɗimbin kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet ba tare da kalmar sirri ba. Abin da ya ceci duniya shi ne wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, wanda ba ma aikin tsaro yake yi ba. Yana gwada wata manhajar daban ne ya lura cewa shiga ta OpenSSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da ƙima, kuma ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya tono abin, ya fallasa a ranar 29 ga Maris, 2024, kafin zubin ya kai ga yawancin kwamfutocin da ake aiki da su. Har yau ba a bayyana ko wane ne ke bayan sunan Jia Tan ba.

Hanyar da maharin ya bi ita ce daidai hanyar da ake koya wa sabon shiga: fara da ƙanana, ka yi haƙuri, ka zama mai amfani, a yarda da kai. Babu wata hanyar, kuma ba za a rufe ta ba don wani ya ci amanarta. Sai dai tun daga lokacin masu riƙon ayyuka sun ƙara taka-tsantsan da sunayen da ba su sani ba. Wannan farashi ne da sabon shiga mai gaskiya ke biya, musamman wanda ya fito daga ƙasar da ba a saba ganin sunayen mutanenta a irin waɗannan ayyuka ba, ba shi da wani sananne da zai tsaya masa.

Nauyi na uku shi ne na masu neman suna cikin gaggawa. A watan Oktoban 2020 wani shirin shekara-shekara mai suna Hacktoberfest, wanda kamfanin DigitalOcean ke ɗaukar nauyi, ya yi alƙawarin riga kyauta ga duk wanda ya tura gyara huɗu. Sai aka yi wa ayyuka ruwan gyare-gyaren banza: a ƙara aya, a canza kalma ɗaya a bayanin gabatarwa, a tura. Masu riƙon ayyuka suka kwana suna sharewa, har kamfanin ya canza dokokin shirin cikin 'yan kwanaki. Yanzu abin ya ɗauki sabon salo da zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Tun farkon 2024 Stenberg ke kokawa da rahotannin ɓaraka da aka sa na'ura ta rubuta, masu kyan tsari da turancin ƙwararru, amma suna magana a kan matsalolin da babu su, wani lokaci har da ambaton ɓangarorin da ba su taɓa kasancewa a cikin curl ba. Rahoton tsaro ba a yin watsi da shi, don haka kowane ɗaya sai mutane da dama sun ajiye abin da suke yi sun bincika. Masu turowa ladan kuɗi suke hari, wanda aikin ya riƙa biyan duk wanda ya gano ɓaraka ta gaskiya tun daga 2019. A farkon 2026 aikin ya dakatar da biyan ladan.

Ba na'urar ce matsalar ba. A 2025 wani mai bincike ya yi amfani da irin waɗannan kayan aiki ya gano kurakurai na gaske masu yawa a cikin curl, ya tantance su da kansa kafin ya turo, kuma Stenberg ya yaba masa a bainar jama'a. Bambancin shi ne wa ya ɗauki wahalar tantancewa, mai turowa ko mai karɓa.

Za a iya cewa duk wannan hujja ce ta tsofaffin hannu don su tsare ƙofa. Akwai gaskiya a ƙorafin. An san wasu manyan ayyuka da kaushin harshe ga sababbi, har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya nemi afuwa a watan Satumban 2018 kan yadda yake yi wa mutane magana, ya ɗan ja da baya na wasu makonni. Mai riƙon aikin da ke korar sababbi da wulaƙanci yana haƙa wa aikinsa rami ne, domin ranar da ya gaji babu magaji, kuma an ga abin da rashin magaji ya jawo wa xz. Amma jinkiri da yawan tambaya ba wulaƙanci ba ne. Misalin WireGuard ya isa. Manhaja ce ta VPN, irin abin da 'yan Najeriya da dama suka fara sani lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Jason Donenfeld ya gina ta da layuka kusan 4,000 kacal, da gangan, don mutum ɗaya ya iya karance ta tsaf. Torvalds da kansa ya yabe ta a 2018 lokacin da aka gabatar da ita don a shigar da ita cikin Linux. Duk da haka sai a watan Maris na 2020 ta shiga, bayan doguwar muhawara a kan ɓangaren sirranta bayanai da ta zo da shi, wanda sai da aka sake masa fasali. Idan aikin da shugaban gidan ya yaba ya jira fiye da shekara ɗaya da rabi, wanda aka ce ya sake duba facinsa karo na uku ba shi da dalilin fushi.

To me ya rage wa mai son taimakawa? Abu mai yawa, kuma mafi yawansa ba rubuta sabon abu ba ne. A fayil ɗin godiya na curl akwai sunaye sama da 3,000, kuma mafi yawansu ba su taɓa rubuta layi ɗaya da ya shiga manhajar ba. Mutane ne da suka kawo rahoton matsala da cikakken bayani, ko suka gwada gyaran wani a kan na'urar da masu aikin ba su da irinta, ko suka nuna inda littafin bayani ya yi ƙarya. Rahoton da ya faɗi zubin manhajar, da irin na'urar, da matakan da za a bi matsalar ta sake faruwa, ya fi faci goma da ba a gwada ba daraja. Wanda ya ɗauki tsohon ƙorafin da ya yi wata shida ba a taɓa ba, ya tabbatar ko matsalar na nan ko ta tafi, ya sauke wa wani kaya. Idan kuma har faci ne, to ya zama ƙarami, ya magance abu guda, ya zo da gwajinsa, kuma mai shi ya tsaya ya amsa tambayoyi. Ƙari babba da ba a yi shawara kafin a fara shi ba galibi ƙarshensa kwandon shara.

A nan ne wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi ke da abin da injiniyan da ke Sitokhom ba shi da shi. Yawancin masu rubuta waɗannan manhajoji suna gwada su ne a kan intanet mai sauri da ba ta yankewa. Yadda manhaja ke yi idan sabis na hawa da sauka, idan waya na tsalle daga 4G zuwa 2G, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauke fayil, idan gida guda na raba 'yar data ɗaya, su sai sun ƙirƙiri yanayin a ɗakin gwaji. A nan kuwa rayuwar yau da kullum ce. Kuma tarihi ya nuna cewa irin wannan lura na iya canza intanet baki ɗaya. A 2010 wani tsohon injiniya a Amurka, Jim Gettys, ya damu da yadda intanet ɗin gidansa ke yin nauyi duk lokacin da yake tura babban fayil. Ya bincika ya gano cewa na'urorin rarraba intanet na tara bayanai a dogon layi maimakon su yar da wasu su sanar da mai turowa ya rage gudu, sai kowane ƙaramin saƙo ya maƙale a bayan babban kaya. Wannan ne ke sa kiran murya ya riƙa yankewa idan wani a gidan na sauke bidiyo. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar rage layin mai suna CoDel, Eric Dumazet ya gina fq_codel a kanta a cikin Linux, masu sa-kai irin su Dave Täht suka yi ta gwadawa a kan ƙananan na'urorin gida masu manhajar OpenWrt. Abin ya faro ne daga ƙorafin mutum ɗaya da ya auna matsalarsa ya rubuta ta da hujja.

Gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani, kuma jami'o'i da kwalejojin kimiyya na yaye masu karatun kwamfuta duk shekara. Tura waɗannan matasa zuwa ga manhajoji masu buɗaɗɗen tushe abu ne mai kyau, don babu makarantar da ta kai a ce ƙwararre ya karanta aikin ɗalibi layi-layi kyauta. Amma akwai hanyar da za a yi shi ta zama ɓarna. Malamin da ya ce kowane ɗalibi sai ya tura faci kafin ya samu maki ya sake ƙirƙiro Hacktoberfest ne a ajinsa, kuma sunan makarantar ne zai ɓaci. Masu riƙon ayyuka ba sa mantuwa. A watan Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin jagororin Linux, ya haramta karɓar gyara daga Jami'ar Minesota baki ɗaya, bayan wasu masu bincike a can sun tura faci masu kuskuren ganganci don su gwada ko za a kama. An koma an sake tantance gyare-gyaren da suka taɓa fitowa daga jami'ar, har na waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Abin da ya fi dacewa da aji shi ne a ba ɗalibai maki a kan karanta facin wasu da bayyana abin da yake yi, a kan maimaita matsala da rubuta rahotonta, a kan rubuta gwaji. Tura faci ya biyo baya, ga wanda ya sami abin da ya cancanci turawa.

Babban nauyin dai ba a kan ɗalibai yake ba. Yana kan masu cin riba. A watan Janairun 2022, lokacin da duniya ke rawar jiki kan ɓarakar wata manhaja mai suna Log4j, wani katafaren kamfanin Amurka ya aika wa Stenberg wasiƙa da jerin tambayoyi, yana neman amsa cikin awa 24, kamar yana magana da ɗan kwangilarsa. Kamfanin bai taɓa ƙulla wata yarjejeniya da shi ba, kuma curl ba ta ma amfani da Log4j. Stenberg ya amsa cewa a shirye yake ya ba da bayani da zarar sun sa hannu a kwangilar tallafi. Wasiƙar ta nuna yadda kamfanoni da yawa ke kallon abin: kaya ne da ya faɗo daga sama, idan ya lalace kuma akwai wanda za a kama.

Wasu sun fara gyara hali. Bayan Heartbleed, gidauniyar Linux ta haɗa manyan kamfanonin fasaha suka zuba kuɗi, OpenSSL ta samu ƙarin ma'aikata na cikakken lokaci, aka kuma biya aka binciki rubutunta. A 2022 gwamnatin Jamus ta kafa asusu mai suna Sovereign Tech Fund don biyan kuɗin kula da irin waɗannan manhajoji, kuma curl da WireGuard da OpenSSH na cikin waɗanda suka fara amfana. Hujjar Jamus ita ce waɗannan abubuwa kamar gada da titi suke, jama'a duka ke bi, saboda haka kula da su aikin hukuma ne.

Bankuna da kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi ta waya a Najeriya da Nijar ba su fita daga wannan lissafi ba. Duk wata tura kuɗi da ake yi ta waya tana ratsa manhajojin sirranta bayanai da na sadarwa irin waɗannan, kuma ranar da aka samu wata Heartbleed, asusun abokan cinikinsu ne a kan gaba. Ba lallai ne su ware miliyoyin daloli ba. Kamfanin da ke da injiniyoyin sadarwa ashirin zai iya sakin biyu daga ciki yini ɗaya a mako, a cikin lokacin aiki kuma da albashinsu, su zauna a kan manhajar da kamfanin ya fi dogara da ita, suna duba facin wasu, suna gwada sabon zubi kafin ya fita. Gyare-gyaren da injiniyoyinsu ke yi a ɓoye don biyan buƙatar cikin gida su riƙa mayar da su ga asalin aikin, wanda hakan ma sauƙi ne gare su, don ba sai sun sake liƙa facin duk lokacin da sabon zubi ya fito ba. Hukumomin da ke sayen manhaja da kuɗin jama'a kuma za su iya fara tambayar 'yan kwangila jerin manhajojin kyauta da ke cikin abin da suke sayarwa, da kuma wane ne zai sabunta su idan an gano ɓaraka bayan an gama biyan kuɗin kwangila.